Injin motarmu ya buga, yau a gareji na yini

Alhamis, Sakkwato.

Ana idar da sallar Asuba na wuce gareji, ko koko ban tsaya sha ba. Motar tana nan inda janwe ya ajiye ta daren jiya, ƙarƙashin dogon yaro, bayanta cike da ɓawon albasa. Hilux ce ƙirar 2010 mai shan gas, injin 2KD mai lita 2.5, wadda ni da Yaya muka haɗa kuɗi muka saya don ɗauko albasa daga Wurno da Goronyo. Ƙanenmu da ke tuƙa ta ya ce jiya da la'asar, sun wuce Achida kaɗan, fitilar baƙin mai ta kawo ja. Kafin ya samu gefen da zai tsaya sai ƙara ta tashi daga ƙasan inji, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Nan take ya kashe, kuma bai sake tayarwa ba duk da masu wucewa suna ta cewa ya lallaɓa ya ƙarasa gari. A kan wannan kashewar yau kowa ke sa masa albarka.

Baba makaniki ya iso wajen ƙarfe bakwai. Muna gama gaisawa na tambaye shi nawa gyaran zai ci, domin da tambayar na kwana.

"Alhaji, ban faɗin kuɗɗi sai na ga ciki," in ji shi. "Wanda duk yac ce maka ga kuɗɗin gyara tun ba a buɗe inji ba, duba shikai."

Yaransa suka tsiyaye baƙin man a tasa. Baba ya tsoma yatsa ya murza, ya ɗaga wa rana, sai ga ɓarɓashin ƙarfe suna ƙyalli. Da aka kwance farantin ƙasa ya kira ni in leƙa da idona. Rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta ta toshe da baƙin dauɗa mai tauri kamar ƙanzon tukunya, sai da ya sa sukuddireba ya kankare sannan ramukanta suka bayyana. Mai na nan a ƙasa, bai ƙare ba, hanyar hawa ce ya rasa. Metal na fistin na uku, wato ɗan zoben ƙarfen da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf (sandar da fistin ke juyawa), ya narke ya manne, wuyan karanshaf a wurin ya yi shuɗi don zafi, ga zane-zane da farce ke kamawa.

Na tambaye shi daga ina dauɗar ta fito, tunda ba ma wasa da juyen mai. Ya zare nozul guda, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda, ya nuna mini wani ɗan zoben tagulla da ke zama a ƙarƙashinsa, gefe ɗaya ya yi baƙi ya cinye. Injin gas ba shi da fulogi, matse iska yake yi har ta yi zafin da za ta kunna mai, don haka matsin da ke cikin silinda ba kaɗan ba ne. Idan wannan zobe ya gaji, hayaƙi yakan ɓulle ta gefen nozul ya gauraya da baƙin mai, ya riƙa dafa shi a hankali har ya zama gawayi, gawayin ya gangara ƙasa ya toshe rariya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne zoben nan bai kai kuɗin man tafiya ɗaya zuwa Wurno ba. Ga shi ya kwantar da motar da gida biyu ke ci daga gare ta.

Da hantsi Yaya ya zo, ransa a ɓace. Tun bai zauna ba ya ce shi dai a cire wannan inji a sa na fetur, kowa ya huta. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Tun 2022 gas ya yi tashin gwauron zabo, kuma yawancin Hilux da ke yawo a ƙasar nan masu fetur ne, injin 2TR mai lita 2.7, kowane makaniki ya san shi, kayansa kuma ko'ina akwai. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya fara lissafa masa da yatsu: inji, kwamfutarsa, wayoyin mota kusan gaba ɗaya, famfon mai da tanki, salansa, ƙafafun da inji ke zama a kai, sannan a duba ko giyabos zai karɓa. Ya ce ya ga irin wannan aiki ya yi kyau, ya kuma ga motar da tun da aka juya ta ba ta rabu da mai gyaran waya ba. Ni kuwa na tuna wa Yaya cewa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 fetur ma ba na arha ba ne, kuma da buhunan albasa a baya, cikin yashin fadama, injin gas ya fi ja tun daga ƙasa, ya fi kuma tsimin mai. Motar nan ba ta zuwa ɗaurin aure ba ce, ta kaya ce. Bai ce komai ba, amma na ga bai gamsu ba.

Daga nan aka koma kan injin Baljiyam. Shi ne abin da kowa ya fara ba ni shawara tun jiya da dare: a sauke wancan a ɗora wannan, cikin 'yan kwanaki mota ta hau titi. Baba ya kira wani dillali da ya saba da shi a Ƙofar Ruwa ta Kano, muka kuma tambayi farashin Ladipo ta Legas ta hannun wani ɗan uwa. Kuɗin da suka faɗa ya sa Yaya cire hula ya shafa kai. Da dala ake shigo da waɗannan injuna, tun da naira ta faɗi kuwa farashinsu bai sake sauka inda muka sani ba.

Amma ba kuɗin kaɗai ke damuna ba. Injin da ke zaune a ƙasan shago ba ya zuwa da agogon da ke nuna nisan da ya yi. Ba ka san wa ya tuƙa shi ba, ba ka san ko irin zoben da ya kashe namu yana cikinsa yana jiran lokaci ba. Akwai kuma masu wanke injin da ya gama wahala a nan gida, su fesa masa fenti, su jera shi cikin na waje. Baba ya ce in dai har za a saya, to shi da ƙafarsa zai je, a buɗe masa murfin sama da farantin ƙasa ya ga rariya, a ba da kwanakin gwaji a rubuce, a kuma ba da rasit mai ɗauke da lambar inji, domin sai an gyara takardun mota sun dace da sabuwar lamba. Dillalin da ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, a bar masa kayansa. Ya ambaci rabin inji ma, wato bulok (gangar jikin inji) da karanshaf da fistin kaɗai, a ɗora masa kan silinda da sauran kayanmu. Ya fi sauƙin kuɗi, sai dai shi ba a iya tayar da shi a saurara kafin a biya.

Wani da ke zaune a benci, wanda ban san shi ba, ya sa baki ya ce in mun gaji zai saya yadda take. Ya faɗi kuɗi. Na ce masa Allah ya kawo kasuwa, na juya. Mota mai mataccen inji kuɗin tausayi ake taya ta, alhali bodinta da ƙafafunta da giyarta lafiya lau suke.

Muka yi Azahar a masallacin gareji. Zafin yau na Afrilu ne sosai, ƙarfen da ya yini a rana ba ya taɓuwa sai da tsumma. Na saya wa yara shinkafa da wake da ruwan sanyi, ni dai fura na iya sha.

Bayan La'asar aka sauke injin gaba ɗaya, aka ɗaga kan silinda. Nan ne hankalina ya fara kwanciya. Bulok bai fashe ba, sandar fistin ba ta ɓallo ta huda gefe ba, wanda da yaron nan ya ci gaba da tafiya da hakan ta faru. Baba ya bi ramukan silinda huɗu da yatsa da tocila, ya ce ga ido dai ba su yi mugun ci ba, amma ido ba ma'auni ba ne. Gobe za a kai bulok da karanshaf wajen masu yanka su auna da ma'auninsu. Idan zanen bai yi zurfi ba kuma zafi bai tsaga ƙarfen ba, za a rage wuyan da 0.25 ko 0.50 na milimita a sa metal mai kauri daidai da shi. Idan ya wuce haka, sai a nemi wani karanshaf. Sandar fistin ta uku kam ya ce ba zai mayar da ita ba ko an ce lafiyarta ƙalau.

Sai ya zaunar da mu ya faɗi sharuɗɗansa, kuma don wannan nake ƙaunar dattijon nan. Ya ce ɓarɓashin ƙarfen ya zaga duk inda mai ke bi, don haka sai an wanke kowace hanya, a canza famfon mai, a wanke ko a canza abin sanyaya mai, a kuma duba tobo tunda da man nan yake rayuwa. Zoben tagulla huɗu sababbi. Bel ɗin tayimin, da ake canzawa duk kilomita 150,000, shi ma sabo tunda an riga an buɗe. Metal da ringi da gasket na asali, ba na kwali mai kyau ciki ba komai ba.

"In kuna son a rage kuɗɗi ta nan, ku ɗauki motarku ku kai wani wuri," in ji shi. "Ban son ku dawo bayan wata ukku kuna zagina cikin zuciya."

Ni ra'ayina ya tsaya a kan a gyara namu. Na san tarihinsa, na san irin man da ya sha, yanzu kuma na ga ciwonsa da idona har da abin da ya jawo shi. Zai ɗauki lokaci fiye da ɗora na Baljiyam, kuma bayan an haɗa sai an bi shi a hankali, ba lodi mai nauyi, a juye mai bayan kilomita 1,000 na farko. Wannan na nufin ragowar kakar albasa da motar haya za mu yi ta, abin da ke ci wa Yaya rai ke nan, kuma yana da gaskiya, domin kuɗin haya daga ribarmu zai fita. Muka yi ta ja har rana ta yi sanyi. A ƙarshe ya ce, "To, ƙanena, in masu awo sun ce bulok da karanshaf za su yi, a gyara. In sun ce a'a, Kano za mu, kuma ba na son wata magana." Na ce na yarda, Yaya.

Kafin Magariba Baba ya naɗe nozul huɗun a tsumma mai tsabta, kowanne da lambar silindarsa a jiki, ya ce sai an ɗora su a na'urar gwaji, kuma mutumin da ya yarda da aikinsa a Kano yake. Ƙanenmu zai bi motar safe da su. Na ba shi kuɗin mota da na gwaji, na kuma ja masa kunne ya tsaya a gwada su a gabansa, ya karɓo sakamakon kowanne a rubuce.