Gas ba ya rufa wa inji asiri

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aikin garejinmu ya sauya kama. Da janareta aka fara, sai masu motoci suka biyo baya, kowa yana so injinsa ya koma shan gas ɗin girki, wato LPG. Tambayarsu ba ta wuce ɗaya: "Oga, ƙarfin motar ba zai ragu ba?"

Abin da aiki ya koya mini shi ne, amsar tana ga lafiyar motar tun kafin ta shigo hannunmu. Filogin da ya gaji ko kwayil mai rauni, mota za ta yi wata da watanni tana lallaɓawa da su a kan fetur. Ana juya ta zuwa gas sai tari da shessheƙa, domin gas ba ya kamawa sai da tartsatsi mai ƙarfi. Shi ya sa ba na taɓa maganar tukunyar gas sai na kwance filogi na duba bakinsa, sau da yawa ma in ɗan matse tazararsa.

Sai ruwan lagireto. A cikin tukunya gas ruwa-ruwa yake, wata na'ura da ake kira ridyusa ce ke mayar da shi iska, ita kuma da zafin ruwan inji take aiki. Dalili ke nan mota ke tashi da fetur, sai ruwa ya kai wajen digiri 30 zuwa 40 ta koma gas. To, mu nan an saba cire tamostat, na'urar da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, da zarar mota ta shigo ƙasar, wai don zafin gari. Irin wannan motar ruwanta ba ya ɗumama da wuri. Idan kuma ruwan ya yi ƙasa, abin ya fi muni. Na buɗe bonet ana tsakiyar zafin bazara na tarar da ridyusa ta yi fari fat da ƙanƙara, yatsa na mannewa a jikinta, mai motar yana gefe yana rantsuwa gas ɗin ne aka gurɓata.

Ƙarfi kam yana ɗan raguwa, ba na ɓoye wa kowa. Awon oktan (yadda mai ke jure matsi a cikin inji) na furofen, ɗaya daga cikin sinadaran LPG, ya haura 100, ya fi na fetur, amma injin da aka ƙera don fetur ba ya cin moriyar hakan sosai. Kuma gas yana shiga ne a matsayin iska, yana cinye gurbin iskar da inji zai shaƙa. A cikin gari direba ba zai lura ba, sai ya yi lodi ya kama hawa irin na hanyar Jos.

Inda muke yawan samun saɓani da direbobi shi ne saiti. Wani ya ce, "Maigida, rage mata sha." Nakan ƙi. In gas ya yi kaɗan iska ta yi yawa, zafi yana ƙaruwa a kan bawul, ga shi dama gas busasshe ne, ba ya jiƙa mazaunin bawul yadda fetur ke yi. Kuɗin da aka tara a wata uku, aikin kan inji ɗaya zai lashe shi. Baƙin mai ma yana yaudara: yana daɗewa bai yi baƙi ba, amma lokacin juye bai canza ba.

Lissafi kuma a kan kilomita ake yinsa. Litar LPG ba ta kai litar fetur ƙarfi ba, don haka mota takan sha ƙarin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari. Tunda a nan da kilo ake sayar da gas, nakan ce wa mutum kilo ɗaya yana aikin kusan lita ɗaya da rabi na fetur, ya duba farashin ranar ya yanke wa kansa hukunci. A Turkiyya, Foland da Koriya ta Kudu miliyoyin motoci ke yawo da shi, amma da tukunyar da aka ƙera don mota, mai tsayar da cikawa a kashi 80 don a bar wa gas wurin kumbura idan ya ji zafi. Wanda ya zo mini da tukunyar kicin a but, ko yake son a ɗura CNG, wato iskar gas ta ƙasa da ake matsewa har matsinta ya kai bar 200, a tukunyar LPG, nakan ba shi haƙuri in ce ya gwada wani garejin.