Mako shida ina fama da ƙwayar koko

'Yan uwa masu koyon haɗa kayan zaƙi, sallama. Tun ƙarshen damina na yi muku alkawarin zan riƙa rubuta yadda nake ciki da cakulan, sai ga shi har hunturu ya kankama ban ce uffan ba. Ga abin da na tara a littafina, da nasarar da ɓarnar duka.

Mako na 1

Surukata Hajiya ce silar wannan aiki. Ta fi shekara goma tana shan maganin hawan jini. Wata jikarta ta gani a waya wai cakulan yana gyara zuciya, sai ta je Babbar Kasuwa ta ciko mata leda da irin na 'yan tebur. Na ɗauki ɗaya na karanta bayansa. A ƙa'ida abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, to suga ne a sahun gaba, sai man ƙwarar manja, sai madara, garin koko yana can kusa da gishiri. Na ce wannan alawa ce aka shafa wa kala. In dai akwai amfani a koko, bari in nemo kokon da kansa in gani.

Ƙanin maigidana yana kai albasa Kudu. Da na ce ya taho min da koko sai ya kwashe da dariya: "Matar Yaya, koko kuma sai an je Ondo? Geron gidan ya ƙare ne?" Sai da na nuna masa hoton itacen. Jihar Ondo ce kan gaba wajen noman koko a Najeriya, ana kuma yin sa sosai a Kuros Riba da Osun, kuma da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Ibadan, Cocoa House, da aka buɗe a 1965. Ya kawo min kilo 3 daga wajen Akure yana ta mitar tsada. Bai yi ƙarya ba, a 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya saboda amfanin ya lalace a Kwaddibuwa da Gana, waɗanda su biyun ke noma fiye da rabin kokon duniya.

Da na buɗe buhun, tsami ne ya fara dukan hancina. Manoma suna tara ƙwayar da farin ruwanta su lulluɓe da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 ta ruɓa, kamar dai yadda ake rufe kalwa in za a yi daddawa, sannan a shanya. Ku riƙa tsaga guda ashirin da wuƙa kafin ku saya. Wadda ta yi ruwan ƙasa da tsage-tsage a ciki ta nuna. Mai launin shuɗi-shuɗi da ja ba ta gama ba, bauri gare ta. Mai furfura ku zubar.

Mako na 2

Na yi rashin wayo. Na ce ai na iya suyar gyaɗa tun ina yarinya, na zuba rabin kilo a kasko da yashi a kan gawayi. Kafin in ankara bayan ya ƙone, cikin ɗanye. Ɗacin ƙuna daban yake da ɗacin koko, kuma ba sugan da zai rufe shi. Na zubar, ina jin haushin kuɗin.

Karo na biyu na sa a oban, zafi digiri 130 a ma'aunin Salshiyos, minti 25, ina juyawa. Tsamin nan ya riƙa tashi yana fita, daga baya ƙamshi ya cika gida har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko kek nake yi. Bayan ya huce na ɗan ɓarza a turmi, a hankali, sannan na bakace a faifai. Nan kam iskar hunturu ta yi min rana. Daga kilo 1 na samu giram 780 na tsurar ƙwaya.

Mako na 3

Kada wadda ta kai koko injin markaɗen unguwa. Na gwada. Duk da na roƙi mai injin ya goge, akwai sauran ruwa da tattasai a ciki. Ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya sa niƙaƙƙen koko ya cure ya zama kamar busasshen tuwo, ga yaji a kai. Wani rabin kilon ya tafi.

Rabin nauyin ƙwayar koko mai ne. In ana niƙa ta tana ɗumi, sai ta narke da kanta ta koma kamar tunkuza, ba a sa mata ruwa ko kaɗan. Na fara da bilenda, minti ɗaya in kashe ta huta, sannan na koma kan dutsen niƙan da na aro a gidan Gwaggona a Ƙofar Sauri. Na shanya dutsen a rana ya yi ɗumi tukuna. Daga baya na karanta cewa mutanen Maya da Aztek na ƙasar Meziko da maƙwabtanta, waɗanda suka daɗe suna shan koko kafin Turawa su san shi, su ma a kan dutse suke niƙa shi, su dama da ruwa da barkono su sha da ɗacinsa. Ashe ba ni na fara haɗa shi da yaji ba.

Awa uku na yi a durƙushe, kafaɗuna kamar ba nawa ba, amma har yanzu da ɗan tsaki-tsaki a harshe. Masu sana'ar suna barin injin dutse yana juyawa kwana guda ko fiye, dabarar da ta samo asali daga injin da Rodolphe Lindt ya ƙera a Suwizalan a 1879. Da irin wutarmu ta nan, sai dai in haƙura da tsakin.

Wurin zuba suga ne jikina ya yi sanyi. Na auna giram 350 na koko, na daka suga giram 150 ya zama gari na haɗa. Wannan shi ne abin da suke rubutawa kashi 70. Tulin sugan nan a faranti ya ba ni tsoro, kuma wai wannan ne mai ɗacin. Na madara da yara ke so, kusan rabinsa suga ne.

Mako na 4

Ban taɓa koko ba wannan makon, kafaɗa ta hana. Sai na zauna karatu a kan batun zuciyar, tunda shi ya kawo ni.

Maganar tana da tushe. A cikin ƙwayar koko akwai sinadarai da ake kira filabanol, su ne masu ɗacin da baurin. Suna taimaka wa bangon jijiyoyin jini ya saki, jini ya wuce ba takura. Wani likitan jami'ar Harvard, Norman Hollenberg, ya ja hankalin duniya kan mutanen Kuna na tsibiran Panama, masu shan koko kofi-kofi kullum, waɗanda jininsu ba ya hawa da tsufa kamar na sauran mutane. A 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince a riƙa cewa miligiram 200 na filabanol a rana yana taimaka wa jijiyoyi su riƙe laushinsu. A 2017 masu bitar bincike na Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka ga koko yana sauke awon jini da kusan maki 2. Maki biyu fa. Wanda nasa yake 170 ya koma 168 bai tsira daga komai ba.

Gwaji mafi girma shi ne COSMOS na Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2022. Mutum sama da 21,000, duk manya, an bi su fiye da shekara uku. Mutuwa ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da kashi 27 cikin ɗari a wajen masu shan sinadarin, amma babban abin da aka shirya aunawa, wato jimillar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu, raguwarsa ba ta kai yadda masu binciken za su bugi ƙirji ba. Abin da masu tura saƙo a waya ba sa faɗa shi ne, ba cakulan aka ba mutanen ba. Ƙwayar magani ce mai miligiram 500 na filabanol, babu suga babu mai.

Ga inda abin ya fi ba ni takaici a matsayina na mai haɗawa. Duk matakin da na bi don ya yi daɗi, rage filabanol yake yi. Ruɓarwar manomi tana ragewa. Gashina na oban ya rage. Akwai kuma garin koko da ake wankewa da wani sinadari irin kanwa don ya yi duhu ya daina ɗaci, dabarar gidan Van Houten na ƙasar Holan, wannan yana kwashe mafi yawansa. Shi Van Houten ɗin ne a 1828 ya fito da matsar koko a raba mai da gari, daidai yadda muke matse tunkuza mu fitar da mai a bar ƙuli. Saboda haka duhun kala ba shaida ba ce, kuma lambar kashi 70 ko 85 tana faɗin yawan koko ne kawai.

Man kokon kansa ba shi da laifi kamar yadda na zata. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasa wani kitse ne da ake kira sitiyarik, wanda ba ya ɗaga kwalastarol kamar sauran kitse masu daskarewa. Amma mai dai mai ne. Giram 100 na baƙin cakulan yana da kalori wajen 600, ya kai kwanon abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce sugan da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin giram 50, in da hali ma 25, wato ƙaramin cokali 6. Shayin safe na gidanmu kaɗai ya cinye wannan.

Mako na 5

Daidaita zafi, aikin da ya fi ba ni wuya. Na farko da na zuba a mazubi na tura firji, da ya fito sai ya yi fari-fari kamar ƙafar yaro a hunturu, yana marmashewa. Ba lalacewa ya yi ba, man ne ya daskare a hargitse.

Ga yadda ya yi min daidai. Na narkar a kwanon silba a kan tukunyar ruwan zafi har ya kai digiri 45, ba tare da tururi ya shiga ba. Na sauke kwanon a kan ruwan randa ina juyawa har ya sauko 27. Na mayar kan ɗumi na daƙiƙa kaɗan ya hau 31, ban bari ya wuce 32 ba. Sai zubawa. Ku sayi abin awon zafi, yatsa ba zai gaya muku bambancin 27 da 31 ba. Da asuba nake yi, bayan salla, lokacin ɗaki na da sanyi. Wannan karon ya fito da sheƙi, na karya ya ce ƙas.

Man koko yana narkewa a wajen 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki ya bar wani sanyi-sanyi. A ganina rabin son da ake yi wa cakulan daga nan yake, sauran rabin suga. Shi ya sa kuma a Katsina sana'ar hunturu ce. In watan Afrilu ya zo zafi ya haura 40, ko a inuwa miya zai koma. Na 'yan tebur da ke jure rana, an cire man kokon ne an sa wani.

Mako na 6

Ranar Juma'a bayan la'asar na yanka shi ƙanana, kowane giram 10, na fito da shi. Autana ya jefa a baki, ya yamutse fuska, ya tofar a bayan randa. Yayyensa suka ce a ƙara madara. Maigida ya ce ba laifi, irin ba laifin da na sani.

Na kai wa Hajiya nata a faranti na durƙusa. Ta gutsura, ta yi shiru tana juya shi a baki. Sai ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ɗan uwan goro ne." Na ce, "Wallahi Hajiya kin faɗi daidai." Masana tsirrai a dangi ɗaya suka sa koko da goro, tare da kuka da kuɓewa da yakuwa, kuma dukansu biyu suna da kafeyin da tiyoburomin masu wartsake mutum. Bakin da ya shekara hamsin yana cin goro ya san ɗacin da zaƙi ke biyo bayansa. Yaranmu da suka tashi da lemon kwalba ba su san shi ba.

Ta tambaye ni ko yanzu za ta ajiye ƙwayoyin asibiti. Na ce a'a, Hajiya, wannan abin marmari ne, magani yana nan yadda likita ya rubuta, kuma rage gishiri da magi a miya ya fi wannan aiki nesa ba kusa ba. Muka yi yarjejeniya: gutsure ɗaya bayan azahar, ba da dare ba don kada ya hana ta barci, ledar 'yan tebur kuma ta bar ɗakinta. Ta ce jikokin za su ji da ita. Ban so hakan ba, amma ba a musu da suruka.

Wadda ta tambaye ni ko za a iya sa zuma a madadin suga, kada ki sa, akwai ruwa a cikinta, zai cure. Na gwada garin busasshen dabino a ɗan kaɗan, ya yi gardi, sai dai shi ma suga ne, mai ciwon suga kada ya ruɗu. Saura giram 600 na ƙwaya a hannuna. Mako mai zuwa zan rage gashin zuwa 120, in yi kashi 80 da soyayyen riɗi saboda Hajiya. Mai dutsen niƙa da ya fi na Gwaggo laushi a cikin gari ta yi min magana kafin sanyin ya wuce.