Hanci ne jarina

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina haɗa humra da turaren wuta a nan Maradi. Shagon ƙarami ne, a unguwar Zariya, ni da ƴan mata uku, sai wani ɗan kabu-kabu da ke kai mana saƙo tasha. A wurin gwaggona na koya, ita kuma ta samo hannun ne a Diffa, wurin matan Shuwa da Barebari, lokacin da mijinta yake aiki can. Ba ta taɓa rubuta komai ba. In na ce, "Gwaggo, cokali nawa?" sai ta miƙo mini kwalbar ta ce, "Ɗiyata, shinshina ki gaya mini."

Mutane suna ɗauka wahalar sana'ar nan ita ce ƙirƙiro sabon ƙamshi. Wannan ai kowa na iya dacewa da shi sau ɗaya. Abin da ke hana ni barci shi ne Hajiyar da ta sayi baƙar humra bara, ta dawo bana tana son irinta sak, alhali icen sandal ɗin da na samu bana bai kai na bara mai ba, miskin daga wani dila daban ya fito, kajijin kuma ya sha rana ya rage ƙarfi. Kaya suna canzawa, kwalba kuwa ba ta da izinin canzawa. Sai in rage nan, in ƙara can, in bar shi ya kwana, da asuba kafin a hura wuta a gida in sake shinshinawa. Bayan an soya albasa hancina ba ya aiki, shi ya sa ba na haɗi da rana.

Farce ya fi komai ba ni aiki. Murfin wani dodon kodi ne na teku, galibi daga wajen Bahar Maliya ake kawo shi, kuma in ya zo ƙarninsa sai ya kore ki daga ɗaki. A jiƙa, a kankare naman da ya maƙale, a wanke, a sake wankewa, a shanya, a soya har ya yi ƙaras-ƙaras, sannan a daka. Shi ke riƙe ƙamshi a jikin tufa har bayan wanki. Akwai shekarar da na yi gaggawa saboda bikin wata amarya, na taƙaita wankin. Ranar farko lafiya lau. Da aka kwana goma sai ƙarni ya taso daga ƙasan kwalba kamar an ajiye busasshen kifi a ciki. Lita biyar na zubar, na mayar wa uwar amarya kuɗinta, kunyar kuwa har yau ban gama biya ba.

Ƙamshi dangi-dangi ne. Farar humra sanyi gare ta, ƴan mata da ma'aikatan ofis suka fi saye. Baƙar tana da nauyi, ta matan aure ce, ba a fita kasuwa da ita. Akwai masu son mai zaƙi-zaƙi, wanda aka ji sukari ya kama icen sosai a tukunya, akwai kuma masu son hayaƙi tsantsa, ɗorot na Chadi ko hawi, wanda ke kama labule ya yi mako. Alhazai dai al'ud suke tambaya, kuma tambayarsu ta biyu kullum ita ce, "Hajiya, babu alkol ciki ko? Da shi zan je masallaci." Al'ud na gaskiya daga itacen da wata cuta ta kama yake fita, a Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu, tola guda, wato ƴar ƙaramar kwalba, ta fi kuɗin hayar shagona. Wanda yawancinmu muke sayarwa haɗin kamfani ne daga Dubai, kuma ni nakan faɗa wa mai saye haka.

Wani ɗan ƙanwata da ya yi karatu a Turai ya taɓa zama yana kallona ina jera kwalabe, sai ya yi dariya ya ce, "Inna, kin san masu haɗa wiski a Sikotilan haka suke yi?" Na ce a'uzubillahi, me ya haɗa ni da giya? Ya ce aikin yake nufi. Wai su ma da hanci suka fi aiki, ba da harshe ba. Dokarsu ba ta yarda a kira shi da sunan ba sai ya shekara uku a gangar katako, kuma kwalba guda takan ɗauki iri talatin ko arba'in, wani mai zaƙi, wani mai warin hayaƙi daga tsibirin Islay, a haɗa su har ta bana ta yi daidai da ta bara. Ban so kwatancen ba, amma na gane ciwon kan mutumin.

Lokacin da aka rufe iyaka a 2023, hanyar Ɗan Isa ta tsaya, kayan da nake saro wa a kasuwar Kurmi ta Kano suka yanke. Abin da ya cece ni wata tsohuwar dabarar gwaggo ce: ba na taɓa ƙarar da tulu. Kowane haɗi nakan bar kashi ɗaya cikin huɗu a ƙasa, mu muna ce masa uwa, sabo ya hau kansa ya kwana arba'in. Da uwar nan na ja kaya marasa ƙarfi har hanya ta buɗe, mutum biyu kawai suka lura.

Cikin yaran akwai ƙaramarsu da nake sa wa ido. Jiya na ba ta kwalba biyu ban ce komai ba. Ta shinshina ta farko, ta goga hanci a hannun rigarta, ta ɗauki ta biyu, ta daɗe shiru.

"Hajiya, wannan kanumfari ya yi yawa."

Ƙwaya uku na ƙara da gangan. Na ce ta je ta wanke farce.