Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Garke da Kujerar Kansila

A makon jiya na tsaya ne a inda Baffa ya damƙa mini rabona na shanun gado. Yawancinsu Gudali ne, sai 'yan Bunaji farare.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Mayo-Belwa ta Jihar Adamawa ya tashi da sunan Murtala Nyako a kunnensa. A nan aka haife shi a 1942, ya shiga sojan ruwa a 1963, ya yi gwamnan soja na Jihar Neja a 1976, har ya zama babban hafsan sojojin ruwa a 1990. Mu 'ya'yan makiyaya kuwa gonarsa ta Sebore ce ta ɗauke mana hankali: mangwaron da ake fitarwa Turai, wanda ya sa ake kiransa Baba Mai Mangwaro, da shanun da aka haɗa irinsu da na ƙasashen waje. Ni ma sai na ce me zai hana.

Na sayar da bijimai na sayo ruwa-biyu, masu jinin Firisiyan, wato shanun nono na Turai. Ranar da aka sauke su daga mota, Baffa ya zagaya su, ya shafa bayan ɗaya ya ji ba tozo, ya ce, "Ɗana, waɗannan ba za su bi ka daji ba. Kai za ka riƙa kawo musu daji gida."

Na ce, "Baffa, a sa mana albarka dai."

Ya sa albarkar, maganarsa kuma ta tabbata. Nono kam sai hamdala, wanda saniya ɗaya ke bayarwa sai an tatsi namu da yawa kafin a tara shi. Amma rana ta yi zafi kaɗan sai ka gan su suna haki a gindin bishiya. Da asuba ina tsugune da tocila ina cire musu kaska a hantsa da cikin kunne, don ciwon da Gudali ke shanyewa su kayar da su yake yi. Ga harawa, ga dusa, ga ƙulin auduga, ga ruwan da ake jidowa a duro duk rani. Komai da kuɗi.

Ana cikin haka siyasa ta shigo. Nyako ya ci zaɓen gwamnan Adamawa a 2007 a PDP, kotu ta soke, aka sake a 2008 ya ci, aka kuma komawa rumfa a farkon 2012. Ni ma a tsakanin nan mutanen mazaɓarmu suka tsayar da ni kansila. Wanda bai riƙe ƙaramar kujera ba bai san nauyinta ba. Kafin ka idar da sallar asuba zaure ya cika: mai haihuwa, mai rasuwa, mai takardar asibiti, kuma kowanne da gaskiyarsa. Albashi bai kai tsakiyar wata. Sauran daga garke yake fita, har dillalan kasuwar Ngurore suka haddace shanuna.

Mulkin Nyako ya ƙare da tsigewar majalisa ranar 15 ga Yuli, 2014, bayan ya koma APC. A 2016 kotu ta ce tsigewar ba ta bi ƙa'ida ba, sai dai ba a mayar da shi ba. Har gobe mutanen Adamawa na jayayya a kan gwamnatinsa. Abin da ni na tsaya a kai shi ne ya nuna cewa kiwo a killace yana yiwuwa a ƙasarmu. Amma ya yiwu ne da fili, da ruwa, da jari, da likitan dabbobi a kusa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa makiyayi ya daina yawo ya kafa gandu, alhali an nome burtali, mashaya ta ƙafe, kuma babu bankin da zai ba mai saniya ashirin rance. Ni da nake da kujera ma da ƙyar na riƙe nawa.

A watan Oktoban 2014 Boko Haram suka kama Mubi. Cikin dare ƙanin matata ya iso da iyalinsa da shanun da suka tsira, ƙafafunsu duk sun kumbura. Yadda muka yi da garke biyu a fili ɗaya, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.