Gidan da babu alama a katin Kardex

Ba zan ɓata muku lokaci kan girka PMB, manhajar kwamfuta ta tafiyar da ɗakin karatu, ba. Duk wanda ya yi aikin ɗakin karatu a ƙasashenmu masu aiki da Faransanci ya san ta: kyauta ce, tana karɓar UNIMARC, wato tsarin rubuta bayanan littattafai a kwamfuta, kuma littattafanmu sun shiga ba gardama, tunda dama suna cikin WinISIS, manhajar nan ta UNESCO. Inda muka ji jiki shi ne mujallu da jaridu. Tun kafin a ɗauke ni aiki a wannan ɗakin karatu na Yamai, ba su da wata rajista sai katunan Kardex cikin durowar ƙarfe.

Kun dai san katin: suna a sama, shekaru a gefe, kowace fitowa da ɗan gidanta. Ta iso, a sa mata alama. Aka kawo mana ɗalibai masu koyon aiki don su shigar da katunan cikin PMB, umarni ya sauko daga sama: gida mai alama a rubuta akwai, gidan da babu alama a rubuta babu. Yaran sun yi aikinsu tsakani da Allah, ga zafin watan Afrilu, ga wuta tana ɗaukewa ana cikin bugu. Umarnin ne gurgu, kuma har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

Ashe gidan da ba a cike ba yana iya zama abu uku. Ko an buga fitowar ba ta iso mana ba, ko ba a taɓa buga ta ba, ko kuma ta iso aka wuce da ita kai tsaye wurin mai ɗinkin littattafai. Dattijon da ya riƙe durowar kafin ya yi ritaya ya bambanta su duka, amma da fensir: ɗigo a kusurwa, ɗan layi a kwance, ko ƴar da'ira. Fensirin ya koɗe. Ɗaliban suka ɗauka dattin ƙura ne.

Ba mu gane ba sai da muka fitar da jerin giɓinmu, muna ta murna, muka tura wa wani ɗakin karatu na waje da muke musayar takardu da shi. Amsarsu cikin ladabi take, amma ta ƙona: lambobi da yawa da muke roƙo ba su taɓa fitowa ba a duniya. Wasu kuma muka biya kuɗin kwafi da na aikowa, alhali suna nan cikin kundaye ɗinkakku, a kanta ta ƙasa, bayan teburina.

Na je har gida na sami dattijon da ƴan katuna a jaka. Na ce, “Baba, wannan ɗigon fa?” Ko tabarau bai sa ba. Ya ce, “Ɗiyata, ai wannan makon ba su samu kuɗin ɗab'i ba. Ba ɓacewa ta yi ba, ba a haife ta ba.” Da yamma ɗaya ya warware abin da ya gagare mu, kuma babu wanda ya yi tunanin kiransa kafin a soma.

Ɗigon nan ya fi yawa a katunan jaridu masu zaman kansu, waɗanda suka soma ɓullowa daga 1990, suka yawaita wajen Taron Ƙasa na 1991. Jarida ta rubuta a goshinta mako-mako take fita, sai ta yi wata biyu shiru, ta dawo da lambobi biyu a haɗe, ko ta maimaita lambar da ta riga ta buga. Ita kuwa PMB, in ka buɗe mata rajistar jarida ka ce mako-mako, kalanda take bi ta jero maka fitowar da take jira, wadda ba ta zo ba ta ce ta makara. Ga jaridun gwamnati, Le Sahel da Sahel Dimanche, bin kalanda daidai ne. Ga sauran, na daina ba ta lissafin gaba: abin da ya iso hannuna shi nake shigarwa, in ƙara bayani a ƙasa.

Sauya suna ma ya ci mana lokaci, amma shi aƙalla ana ganinsa. Le Temps du Niger ta koma Le Sahel a 1974, a wurinmu kati ɗaya ne, an soke tsohon suna an rubuta sabo a kai. Mujallar IFAN, cibiyar bincike ta Dakar, ta rabu gida biyu a 1954, A ta kimiyyar halittu, B ta nazarin al'umma. A kwamfuta kowane suna da shafinsa, da lambar ISSN tasa (lambar shaidar mujallu da jaridu ta duniya) in yana da ita, sannan a ɗaure su da juna.

In za ku yi irin wannan aiki, ku ɗauki hoton kowane kati gaba da baya kafin kowa ya taɓa shi, ko da wayar hannu ce. Ku nemo wanda ya cike katunan tun yana da rai da lafiya, ku zaunar da shi, ku biya shi. Kuma kar a buga komai daga kati kaɗai: mutum ɗaya a gaban kwamfuta, ɗaya a gaban kanta yana ƙirga abin da ke nan. Ya fi jinkiri nesa ba kusa ba, shugabanni ba sa son jin haka.

Katunan kuwa, da aka ce an gama, an kwashe su zuwa sito don a samu wurin ajiye firinta. Kafin mu farga da maganar fensir, ruwan Agusta ya yoyo ta rufi ya jiƙa durowar ƙarshe. Mujallun da ke cikinta, har yanzu kundi-kundi nake buɗe su ina duba lamba da kwanan wata, kuma duk inda na ga giɓi ba ni da mai gaya mini wane iri ne cikin ukun.