Inda na kai a koyon waƙar Giregori, da abin da ginin coci yake yi wa murya

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Waƙar Giregori, tsohuwar waƙar ibadar cocin Katolika da ake rerawa da Latin, a kan layi huɗu ake rubuta ta. Idona ya fara sabawa da layukan nan huɗu. Wanda ya saba da rubutun kiɗa na zamani mai layi biyar zai ɗauka an rage masa aiki ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A rubutun Giregori mabuɗi, wato alamar farkon layi mai nuna inda do ko fa yake, ba ya zama wuri ɗaya. Alamar do tana iya hawa layi na huɗu a wannan waƙa, ta sauko na uku a ta gaba, wani sa'in kuma alamar fa za ka tarar. Shi ya sa yanzu kafin in buɗe baki sai na ɗora yatsa a kan mabuɗin, na nemo inda rabin taki, tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sautuka, yake, wato tsakanin mi da fa, da tsakanin ti da do. In waɗannan suka zauna a kunne, saura mai sauƙi ne. 'Yar ƙaramar alamar nan ta ƙarshen kowane layi, custos, ba a rera ta. Aikinta ta tsegunta maka sautin da layi na gaba zai fara da shi.

Cikin dunƙulallun alamomi, podatus ta shige ni: murabba'i biyu, ɗaya bisa ɗaya, na ƙasa ake fara rerawa kafin na sama. Clivis ma ba matsala, saukowa ce. Wadda har yanzu nake tsayawa in ƙura mata ido ita ce porrectus, mai zane mai kauri da ya karkata ƙasa. Ido yana so murya ta zame a kan zanen tun daga sama har ƙasa, alhali farkonsa da ƙarshensa kaɗai ne sauti, sai na uku da ke ɗare a kai. Ku rera ta a hankali da do-re-mi tukuna, kalmomin Latin su biyo baya.

Tsarin layukan da sunayen sautukan ana danganta su da Guido, wani sufi na Arezzo a Italiya, a ƙarni na 11. Waƙar kuwa sunan Fafaroma Giregori na Farko ta ci, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ko da yake masana sun nuna cewa a ƙarni na 8 da na 9 ta samu siffarta, lokacin da waƙar Roma ta gauraya da ta ƙasar da ake kira Faransa a yau. Littattafan da ke hannunmu kuma aikin sufayen Solesmes ne a Faransa, gidan da Prosper Guéranger ya farfaɗo da shi a 1833.

Abin da ya fi cin raina a wannan zangon ba a takarda yake ba. Na rera Kyrie, waƙar roƙon jinƙai, ta Misa ta 8 (jeri na takwas na waƙoƙin Misa a littafin) a ɗaki mai labule da katifa, na ɗauka a waya, na saurara: busasshiyar murya, kowane numfashi a fili, doguwar "e" ɗin nan tana tafiya ba gishiri. Na sake rera ta, da wannan murya dai, a wata tsohuwar coci ta dutse mai dogon zaure da rufi mai tsayi, ba kowa a ciki. Kafin in fara na tsaya a tsakiya na tafa hannu sau ɗaya, na ji ƙarar ta tafi wajen bagadi, ta dawo, ta ɗan yi shawagi a sama kafin ta mutu. Da na rera, sautin da na bari yana nan yana rawa a iska lokacin da na kai na gaba, sai su biyun suka haɗu. Waƙar da aka ce murya ɗaya ce, ba ganga ba ogan, ashe gini ne yake yi mata rakiya.

Dalilin a bayyane yake. Dutse da filasta ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi, kuma gwargwadon girman wuri gwargwadon daɗewar amsa-kuwwa. Wallace Sabine na jami'ar Harvard ne ya fitar da lissafin wannan wajen 1900: yawan sararin ɗaki yana tsawaita ta, abubuwa masu laushi suna gajarta ta. A manyan majami'un Turai na dutse sauti kan ɗauki daƙiƙa biyar ko fiye kafin ya ɓace. Kafet, labule, kujeru masu soso, har jikin mutane da tufafinsu, duk masu shan sauti ne, shi ya sa cocin da ka gwada ranar da ba kowa ba ita za ka tarar ranar Lahadi ba.

Wannan ya sauya mini yadda nake atisaye. Sauri ya fita daga lissafi, domin in ka yi gaggawa a irin wannan wuri sautuka sukan hau kan juna su zama kunu. Baƙaƙen ƙarshen kalma kuwa, musamman "s" ta Sanctus da Agnus a waƙoƙin Misa, sai a taɓa su kaɗan a sake su, kuma kowa a lokaci ɗaya. In mutum biyar suka saki "s" biyar daban-daban, rufin zai dawo musu da su duka. Wasula ne ke ɗauke da nauyin waƙar.

Sai kuma alamar tauraron nan da ake sawa a tsakiyar kowace ayar Zabura don a ɗan tsaya. A ɗaki, tsayawar tana da nauyi, mutum ji yake kamar ya manta abin da zai faɗa. A cikin dutse kuwa tsayawar ba shiru ba ce, rabin ayar farko ne yake ƙarasa tafiyarsa, kai kuma kana jan numfashi. Da kunne ake auna ta, ba da ƙidaya ba. Kuma a nan ne na gane amfanin kujerun mawaƙa da ake jerawa sahu biyu suna fuskantar juna a gaban bagadi: wannan ɓangare ya ɗauki aya, wancan ya amsa da ta gaba, sauti yana tsallaka fili yana dawowa. A cocin San Clemente da ke Roma har yau akwai wurin mawaƙa da aka kewaye da gajeren bangon marmara a tsakiyar zauren jama'a. Mai ginin ya san inda yake so murya ta taso.

Ba zan ɓoye muku ba, ni dai tsohon fasalin ne ya kwanta mini: dogon zaure, ginshiƙai a dama da hagu, hannuwa biyu da suka fita suka ba ginin siffar gicciye, bagadi can a ƙurya wadda a al'ada take duban gabas. Ido yana tafiya gaba, murya ma haka. Amma gaskiya ɗaya ce, abin da ke gyara waƙa shi ke ɓata wa'azi. Doguwar amsa-kuwwa tana cinye magana. Magabata sun san da haka, shi ya sa suke kafa mumbari a tsakiyar jama'a, jikin ginshiƙi, su yi masa 'yar rumfar katako a sama don ta turo muryar mai wa'azi ƙasa. Cocin Gesù ta Roma, da aka fara ginawa a 1568 jim kaɗan bayan babban taron bishop-bishop na Trent, zaure ɗaya mai faɗi aka yi mata domin mutane su ga bagadi su kuma ji wa'azi. Saboda haka ba na cikin masu cewa duk sabon gini ɓata kuɗi ne. Abin da ba na yafewa shi ne rufi gajere da kafet daga ƙofa har bagadi, sannan a ɗora wa lasifika aikin da bango zai yi kyauta. Makirufo muryar mutum ɗaya take ɗagawa sama da ta saura, ita kuwa wannan waƙa so take muryoyi su narke su zama ɗaya.

Ga masu tambaya ko an daina ta ne bayan an koma yin Misa da harsunan jama'a: Fafaroma Pius na 10 ya ɗaukaka ta a takardarsa ta 1903, Taron Batikan na Biyu kuma a 1963 ya ce ita ce waƙar da ta dace da ibadar Roma kuma a ba ta wuri na gaba, ba tare da ya rufe ƙofa ga sauran ba. Ya yaba wa ogan mai bututu, ya kuma yi maganar girmama kiɗan al'ummomi. A 1974 Fafaroma Paul na 6 ya aika wa bishop-bishop ɗan littafi mai suna Jubilate Deo, na waƙoƙi masu sauƙi da ake so kowane Katolika ya iya. Da shi nake ba ku shawara ku fara. Sanctus da Agnus Dei na Misa ta 18 da ke ciki kusan gaɓa ɗaya sauti ɗaya ne, sun fi Misa ta 8 sauƙi nesa ba kusa ba, duk da ita ta fi shahara.

Abin da ke gabana yanzu karin Zabura ne. Takwas ne na asali, na riƙe na 2 da na 8, zan shiga na 1 mai ƙarshe iri-iri. Graduale Triplex na 1979, wanda ya jera tsofaffin alamomin littattafan hannu na Laon da na Saint Gall sama da ƙasan murabba'an, na ajiye shi sai ido ya ƙara nuna. Waƙoƙin Palestrina masu muryoyi daban-daban ma sai mun samu muryoyi huɗu. Wanda ba shi da cocin dutse kusa, ya nemi matattakalar bene ta siminti ko dogon baranda mai rufi, ya tafa hannu ya ji, ya rera aya ɗaya a can ya ɗauka a waya, ya kwatanta da ta ɗaki, sannan ya faɗa mana tsawon tsayawar da ya yi a kan tauraro.