Reshe da fensir a iskar hunturu

Tim Knowles, mai zane ɗan Birtaniya, ya yi suna da ɗaura alƙaluma a bakin rassan itatuwa, ya kafa takarda a gabansu, iska na kaɗa reshe, reshe na jan layi. A Ostireliya kuma Cameron Robbins na ƙera injina masu farfela da iska ke juyawa suna tura alƙalami. A ido aikin kamar ba wuya. Wanda ya gwada a Sakkwato ya san iska ba ta cika ba da ciwon kai ba, rigimar duk tana bakin abin rubutun.

Biro ba ya yi, domin sai an danna shi yake sakin tawada, reshe kuwa shafa kawai ya iya. Maka, wato alƙalami mai jiƙaƙƙen baki, tana rubutu ba danni, amma busasshiyar iskar hunturu kan shanye bakinta tun zanen bai kankama ba. Fensir mai laushi, 6B ko 8B, shi ke jurewa, muddin an ba shi nauyi: a ɗaura noti ɗaya ko biyu na babur dab da bakinsa. Nauyin nan shi ne aikin gaba ɗaya. In ya yi yawa, fensir ya kafe wuri guda yana haƙa har ya huda takarda. In ya yi kaɗan, sai ya riƙa tsalle yana barin ɗige-ɗige. A ture reshen da yatsa ɗaya a saki; idan fensir ya ja layi ya dawo bai ɗaga ba, an dace.

Kada a rataye fensirin da igiya, lilo zai yi ta yi yana naɗewa. A samu siririyar gora mai tsawon kamu biyu, a ɗaura fensirin a bakinta, a ɗaure ta jikin reshe da robar tayar keke a wuri biyu. Ɗauri ɗaya juyawa yake yi.

Kuka ba ta da amfani a nan, a rani tsirara take, rassanta kuma masu kauri. Gawo na da ganye a rani, sai dai ƙaya. Darbejiya ta fi, rassanta na sunkuyowa, iska kaɗan ta ishe su rawa.

Takarda mai kauri ake so, a matse kusurwoyinta huɗu a kan allon katako, a danne allon da bulo, a ɗan karkata shi don ƙura ta gangare. Ƙurar da ta zauna a hure ta da baki, hannu na taɓawa layukan sun dame.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska daga arewa maso gabas take zuwa, ta fi ƙarfi da hantsi, shi ya sa layukan ke kwanciya gefe guda. Mai son su gitta juna sai ya juya allon bayan kowane minti 20. Abin da ya fi ɓata zane mai kyau shi ne kwaɗayin ƙari: a leƙa a kai a kai, da farin takarda ya fara ɓacewa a tsakiya a cire. A rubuta rana da lokaci a bayanta. Da damina kuwa, da hadari ya haɗo daga gabas a kwance komai, guguwar da ke gabansa na iya karya gorar, wani lokaci har da reshen.